A Tattara Hotunan Jirginmu, Motocinmu Da Dajinmu Kafin Su Salwanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zan ɗan ja shi da tsawo, in yi magana a kan sana'ar da na tsufa a cikinta, wato ɗaukar hoto. Ni mutumin Zariya ne, ɗan ma'aikacin reluwe, kuma tun ina saurayi kyamara take rataye a wuyana. Abincina daga hoton biki da suna da fasfo ya fito. Amma abin da raina yake so, wanda nake kashe wa ɗan abin da na samu, shi ne hoton jirgin ƙasa, da tsofaffin motoci, da namun daji, da ƙasar nan tamu yadda Allah Ya shimfiɗa ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa nakan ga jaridunmu na Hausa sun buga labarin jirgin ƙasan Najeriya, amma hoton da aka liƙa wa labarin na jirgin Indiya ne ko na Sin. A yi maganar Yankari, sai a sa giwar Kenya tana tsaye gaban dutse mai ƙanƙara a ka. Ba na ganin laifin yaran da ke wannan aiki, domin sun nemi namu ne a intanet ba su samu ba, ga lokaci yana ƙure musu. Laifin na dukanmu ne. Ba mu ɗauka ba, wanda aka ɗauka ba mu adana ba, wanda kuma ya fito zai ɗauka yau sai mu tare shi da tambayar wa ya aiko shi.

Bari in fara da jirgi, don a bakin dogo aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai zuba kwal ne a kan jirgi. Aikinsa shi ne ya tsaya bayan direba da shebur, yana ɗura wa tukunyar wuta kwal ɗin da aka haƙo daga Inugu, daga Zariya har Funtuwa, har Gusau, har Ƙauran Namoda inda dogon ya ƙare tun 1929. Yakan dawo gida baƙi ƙirin, sai idanu da haƙora, mahaifiyarmu ta dafa masa ruwa ta ajiye sabulun salo. Daga bakinsa na ji cewa dogo ya isa Kano a 1911 ta hanyar Baro, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma kafin a gama gadar Jebba da jirgin ruwa ake haye da taragai Kogin Kwara. Shi ya nuna mini inda ƙaramin dogon nan na Zariya zuwa Jos ya bi, wanda aka shimfiɗa saboda kuza, faɗinsa ƙafa 2 da rabi kacal, aka kuma rufe shi a 1957. Mutumin nan ya ƙarar da ƙarfinsa a gaban wuta, amma hotonsa guda ɗaya muke da shi, na fasfo, ya sa hula ya ɗaure fuska. Babu hotonsa da shebur a hannu, babu na kan jirgin da ya yi wa hidima. Lokacin da na mallaki kyamarar kaina, wata Yashica ta hannu, dizal ya riga ya kori kwal, an jere tsofaffin kawunan jirgin a gefe ciyawa tana fitowa ta ƙafafunsu. Jikokinsa suna tambayata yadda aikin yake, sai dai in kwatanta da hannu.

A Amurka an yi wani mai hoto, O. Winston Link, wanda ya hango cewa jirgin kwal ya kusa ƙarewa a ƙasarsu. Daga 1955 zuwa 1960 ya riƙa bin layin kamfanin Norfolk and Western, wanda shi ne babban kamfani na ƙarshe da ke aiki da irin wannan jirgi, yana ɗauka da kuɗin aljihunsa. Yawanci da dare yake aiki, ya jera fitilun filasha da yawa ya haɗa su da waya, jirgi na zuwa ya kunna su gaba ɗaya. Kuma ba ƙarfen kaɗai ya ɗauka ba, har da mutanen da ke zaune a bakin layin, da masu shago, da yara suna wanka a rafi jirgi na wucewa ta samansu. Ya bar hotuna sama da 2,000, yau akwai gidan tarihi da sunansa a tsohuwar tashar garin Roanoke. Abin da nake so a lura da shi a labarinsa shi ne, shugabannin kamfanin sun ba shi izini, suka buɗe masa ƙofa. Da sun kore shi, da babu ko ɗaya.

Mu ma muna da abin ɗauka, kuma yana tafiya a gaban idonmu. Tsohon dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 ya ratsa Arewa ta ko'ina: Minna, Kaduna, Zariya, Kano, ya miƙe zuwa Nguru a 1930, ga mahaɗar Kafanchan, ga reshen da ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. A kowace tasha akwai abin da ya kamata a ce yana cikin hoto. Akwai allon sunan gari, da tankin ruwan da jirgin kwal ke sha, da sigina mai hannu wadda ake ja da waya daga nesa, da tagar sayar da tikiti, da ma'aunin kaya, da gidajen ma'aikata masu jan kwano da baranda, da manyan itatuwan maɗaci da mangwaro da aka shuka tare da tashar. Na je ƙananan tashoshi na tarar an kwashe kwanon rufi, an ɓalle ƙofofi, ƙarfen dogon ma an yanke shi da wuta an sayar wa 'yan gwangwan. Akwai inda na ɗauki allon suna da rani, na koma bayan damina babu shi. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita, wadda Alhasan Ɗantata da sauran attajirai suka tara dubban buhuna a bakin dogo, ba don wasu sun ɗauke ta a hoto ba da yaran yanzu sun ce tatsuniya ce. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna kuwa baƙi ne suka ɗauka, asalin wasunsu yana can a ɗakunan ajiya na Ingila.

Sabon dogo ma tarihi ne tun yanzu. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, ana kuma aikin wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina ya shiga Maraɗi. Leburorin da ke zuba tsakuwa, da gonakin da layin ya raba biyu, da ƙauyen da zai wayi gari da tasha, duk nan da shekara 50 wani zai nemi ganin yadda suke a yau. Wa yake ɗauka?

Nan ne maganar take ɗaci. Wanda ya fito da babbar kyamara da sandarta mai ƙafa uku kusa da tasha a yau, ya san abin da zai biyo baya. An taɓa tsare ni a wata tasha tun hantsi har bayan azahar, aka karɓi kyamarar, aka sa na goge abin da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya a gaban mai gadi. Abin da ke ciki tankin ruwa ne da wata tsohuwar sigina. Ina tsaye a wurin, fasinjoji suna ta ɗaukar kansu da waya a jikin tarago babu mai ce musu kanzil. Ban riƙe mai gadin a raina ba. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe bayin Allah aka sace wasu suka yi watanni a daji, duk wanda aka ba amanar tasha dole hankalinsa ya tashi in ya ga baƙuwar fuska. Shi ma ba a ba shi wata ƙa'ida da zai bi ba, shi ya sa ya ga korar kowa ta fi masa sauƙi. Sai dai mai mugun nufi ba ya zuwa da rana tsaka ya kafa ƙafa uku ya yi sallama. Waya a aljihu ta ishe shi, taswirar tauraron ɗan'adam kuma tana hannun kowa.

Roƙona ga hukumomin da abin ya shafa shi ne a fito da takardar izini bayyananniya. Mutum ya je ofis da katin ɗan ƙasa, ya cike fom, ya biya kuɗi daidai ƙarfin talaka a ba shi rasit, a rubuta masa rana da wurin da zai tsaya da abin da ba a yarda ya ɗauka ba. In ana so a haɗa shi da ma'aikaci ya raka shi, a kuma karɓi kwafin hotunan a ajiye. Da haka mai gadi ya huta, mai hoto ya huta, hukuma kuma ta sami taskar da ba ta kashe ko kwabo a kanta ba.

Mu ma masu kyamara akwai abin da ya wajaba a kanmu. Ina ganin samari suna tsayawa a tsakiyar dogo suna ɗaukar bidiyo don a yaba musu a TikTok, wasu har da amarya da ango. Wallahi wannan ganganci ne. Jirgi ba mota ba ne, ko direba ya gan ka ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, sabon jirgin nan kuma ya fi tsohon sauri da rashin ƙara. Hoton kirki ma ba daga tsakiyar layi ake samunsa ba. Ka nemi inda dogon ya yi kwana, ka ja baya sosai ka hau ɗan tudu, rana tana bayan kafaɗarka, yadda kan jirgin da jerin taragai za su shigo gaba ɗaya kamar zaren carbi. In kana so ya tsaya cak, ka sa ƙiftawar kyamara ta kai kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ko ta fi haka sauri. In kuma gudun kake so a gani, ka rage saurinta, ka bi jirgin da kyamarar a hankali daga ƙugu, shi ya fito tas bayansa ya share. Kada kuma ka manta da mai sayar da rake da mai dafaffen ƙwai a bakin taga. Bayan shekaru, su ne mutane za su fi tsura wa ido.

Sai motoci. Wata rana wani abokin ciniki ya kai ni gidan kakansa, tsohon ma'aikacin En'e da ya daɗe da rasuwa, don in ɗauki iyali. Da muka gama, sai tsohuwar gidan ta ce, "Malam mai hoto, zo ka ga motar Alhaji." Aka ture ƙofar gareji da ƙyar. Marsandi ce 220 baƙa, irin mai ɗan fiffike a baya ta farkon shekarun 1960, tayoyinta sun zauna, an ɗora mata tabarmi da tsofaffin kwanuka. Na share ƙurar gilashi da gefen rigata na leƙa. Kujerun jar fata ne sun tsattsage, gaban direba katako ne mai sheƙi, agogon gudu yana lissafi da mil, sitiyari kuma yana hannun dama. Wannan sitiyarin kaɗai darasi ne, domin ya nuna an sayo ta kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta bar tuƙi ta hagun titi ta koma dama. Tauraron kan hancinta yana nan ba a sace ba. Hajiya ta dafa bonet ɗin ta ce a cikinta aka kai ta Kano ta hau jirgin Makka. Na roƙi samarin gidan suka turo ta bakin ƙofa inda inuwa take, muka wanke ta da bokiti, na durƙusa daidai fitilarta na ɗauka, Hajiya tana tsaye a gefe da carbinta. A inuwa ake ɗaukar irin wannan mota ko da sassafe, saboda rana tsaka tana sa ƙarfen ado ya yi walƙiya ya ƙone hoton, baƙin fenti kuma ya kwaso duk abin da ke kewaye har da mai ɗaukar. Bayan rasuwar Hajiya aka raba gado, motar ta tafi a kilo. Hoton nan yanzu kowane ɗa a gidan yana da kwafinsa a bango.

Irin waɗannan motoci suna nan a garejin fadoji, da gidajen tsofaffin alƙalai da attajirai, da bayan garejin makanikai a Kano da Kaduna da Jos da Zinder. Akwai Marsandi, akwai Rolls-Royce a wasu masarautu, akwai manyan motocin Amurka masu dogon jiki, ga kuma Fijo 404 da 504 waɗanda ba na ƙawa ba ne can, amma su suka ɗauki ƙasar nan a bayansu tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Ba na cewa kowa ya gyara tasa, gyaran yana cin kuɗi kuma kayan sun yi wuya. Cewa nake kafin a kira mai yanka, a kira mai hoto: gaba, baya, gefe, ciki, inji, lamba, da takardunta in suna nan. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Onikan a Legas ya tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ya ga ramukan harsashi da idonsa, ya san mota tana iya riƙe tarihin da littafi ba zai riƙe ba. Gani ya kori ji.

Namun daji su suka fi koya mini haƙuri. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ita ce makarantata. Mai son hoto ya je da rani, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi suka dawo bakin Kogin Gaji. Yawancin baƙi suna isa da rana, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, su ɗauki gwaggon biri da mugun dawa da ke yawo a sansani, su juya suna cewa babu komai a dajin. Akwai. Sai dai dabba ba ta fitowa don an biya kuɗin shiga. Ana fita ne da an sallame asuba tare da ɗan rakiya, a kashe mota, a yi shiru, a lura da inda iska take kaɗawa don kada ta kai musu warin mutum. Wata safiya mun daɗe zaune a bakin wata fadama babu abin da ke motsi sai ƙudan tsando da ke cizonmu, har na fara naɗe kaya, sai ɗan rakiyar ya taɓa gwiwata ya nuna da leɓe. Gwanki ne ya fito daga cikin gaba-gaba, ƙahonsa ya lanƙwashe baya, fuskarsa da zanen baƙi da fari, ya tsaya yana karkaɗa dogayen kunnuwansa. Na ji bugun zuciyata a cikin kunnena. Na danna a hankali, ya ɗago ya dube mu, ya sunkuya ya sha ruwansa. Ranar ban ga giwa ba, ban kuma ji na yi asara ba.

Ga masu tasowa ina cewa, gilashi mai jawo nesa kusa aka yi don kada ka matsa wa dabba. Kada a jefe ta don ta ɗago kai, kada a ba biri abinci don ya matso, kada a shiga tsakanin giwa da ɗanta, kada a haska wa tsuntsu filasha a sheƙa. In kuma ka dace da zaki ko garken giwa, kada ka sa hoton a Facebook tare da ainihin wurin da ranar, domin mafarauta ma suna da waya. Giwayen Yankari suna cikin manyan garkunan da suka rage a ƙasar nan, zakunan kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Masu cewa wannan wasan masu kuɗi ne su dubi abin da ya faru a Nijar. Raƙuman dawan yankin Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da hoto ake ƙidaya su, domin zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa, sai a ɗauki gefen dama da na hagu a ajiye, a san wane ne ya haihu, wane ne ya ɓace. Da wannan ƙidaya, da haɗin kan manoman yankin, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Mu kuwa a nan, gauraka da muke kira tsuntsun ƙasa, yaushe rabon mai karatu da ya ga garkenta a fadama? Ungulu da ke cika mahauta da saman rimi muna yara, har muna jifanta, yau sai ka zaga gari ba ka ga ko ɗaya ba, masana sun sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ba mu ɗauke ta ba saboda muna ganin ba za ta taɓa ƙarewa ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, musamman wajen Dagona, har yanzu yana karɓar tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai kowane hunturu, ga ɗinya da kirinjijiya na gida. Matasan Gashuwa da Nguru da Haɗeja da ke da kyamara suna zaune a kan arziki.

A kan shimfiɗar ƙasa ba zan ja ba, sai abu biyu. Na farko, haske. Hazon hunturu yana shafe nesa ya mai da sama fara fat, amma yana da kyau in kuka ko giginya kake so ta tsaya ita kaɗai da jar rana a bayanta. Mai son Dutsen Kufena ko Zuma ko duwatsun Shere su fito da kyau, ya jira washegarin ruwan farko, iska ta wanku, ya fita da hantsi bai yi ba ko bayan la'asar sakaliya. Na biyu ya fi muhimmanci: a riƙa komawa wuri guda. Akwai inda nake tsayawa a bayan gari ina fuskantar Kufena tun ina amfani da fim. In ka jera hotunan za ka ga ɗorawa da kaɗanya suna raguwa, gonaki suna zama fulotai, kwanon rufi yana matsowa gindin dutse, kududdufi ya cike da leda. Ban rubuta ko kalma ba, amma duk wanda na nuna wa sai ya yi shiru. Da a ce kowane gari akwai mai yin haka a ganuwa, da bakin kogi, da kan Dala, da gaɓar Tafkin Chadi, da muhawarar da ake yi a kan sare itace da kwararowar hamada ta zo da sauƙi. Wanda kuma yake da shakka a kan hoton mai rai saboda addini, ina girmama ra'ayinsa, ga dutse da kogi da jirgi da mota nan sun ishe shi aiki.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa nan. Tsofaffin masu situdiyo na Sabon Gari da Tudun Wada da Fagge suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, nagatif ɗinsu kuma, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gado ko a ɗakin da ke yoyo. Magada ba su san darajarsa ba. Na ga inda aka zubar da buhu guda a bola, yara suna ɗaga shi sama suna kallon mutane da fararen fuskoki. A cikin irin wannan buhu akwai hawan salla, da ranar da sabuwar mota ta shigo gari, da 'yan kamasho a tasha, da kasuwar da ta ƙone. A Mali, nagatif ɗin Seydou Keïta da Malick Sidibé, masu situdiyo ne kamar mu a Bamako, da aka adana shi ya zaga duniya, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo a Venice a 2007. A Benin ta jihar Edo, hotunan Solomon Alonge mai hoton fadar Oba suna ajiye a gidan tarihin Smithsonian a Washington. Namu na Arewa ba su gaza waɗannan ba, rashin mai tattarawa ne.

Wanda yake da irin wannan kaya a gida, don Allah ya fitar da shi daga leda, domin leda tana riƙe laima. A sa kowane nagatif cikin takarda mai tsabta, a ajiye a akwati a wuri mai sanyi da bushewa, sama da ƙasa saboda gara. A riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Wanda ya fara wari mai tsami ya soma lalacewa ke nan, a ware shi daga sauran a gaggauta kwafe shi a kwamfuta. Hoton takarda kuma a rubuta a bayansa da fensir, ba biro ba: wane ne, ina ne, wace shekara, wa ya ɗauka. A yi wannan tun tsofaffin da za su gane fuskokin suna da rai. Na waya ma ba tsira ya yi ba, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya yana mutuwa, don haka a ajiye kwafi a wuri biyu, mafi kyawun kuma a wanke su a takarda.

Muna da wuraren da suka dace da wannan amana: Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da sassan tarihi na jami'o'inmu. Ina roƙon ɗaya daga cikinsu ya buɗe teburi guda da na'urar kwafe hoto da ma'aikaci ɗaya, a yi shela a rediyo cewa duk mai tsohon hoto ya kawo, a kwafa a mayar masa da abinsa a ranar, a rubuta sunan mai shi da na wanda ya ɗauka. Mutanenmu ba sa son rabuwa da kayan iyayensu, amma in sun tabbata za su koma gida da shi za su kawo. Ku ma a wannan jarida kuna iya ware rabin shafi kowane mako ga hoto ɗaya daga masu karatu, tsoho ko sabo, da bayaninsa cikin Hausa da sunan mai ɗauka a ƙasa, a kuma biya shi ko da kuɗin mota ne. Ranar da kuka fara, ina da akwati biyu na nagatif na tashoshin da ke tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda, zan kawo su ofishinku da ƙafata.

Allah Ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naku,
Mai ɗaukar hoto, ɗan ma'aikacin reluwe,
Zariya, Jihar Kaduna.